Amanar Siddiƙa a Hannun Dakta Obadiah

Limanti, Maiduguri
Ranar Lahadi

Zuwa ga maigidana, Baban Siddiƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya marasa lafiyarku na asibiti, yaya kuma ƙafar nan taka? Idan har yanzu tana kumbura da yamma, ka daina wuni a tsaye kamar ba a ba ka kujera ba. Mu nan lafiya lau, sai zafin gari da ka sani. Na so a ce a waya zan faɗa maka wannan magana, amma tunda har yau ba a gyara muku layi ba, zan ba Maikuɗi direba takardar ya kawo maka idan ayarin motocinsu ya tashi ranar Talata.

Maganar karatun Siddiƙa ce. Kafin ka tafi ka bar min rajistarta a hannu, kana murna 'yarka ta samu gurbin injiniyan tsaron kwamfuta da intanet. Ni ma na yi murna, ko da yake ban san abin da ake tsarewa a ciki ba. To ta dawo daga jami'a ta ce kowane aji yana da malamin da ke ba ɗalibai shawara, su suna ce masa adbaiza, kuma babu mai yin rajistar darussa sai ya zauna da shi an tsara. Ta ce ita kaɗai za ta je. Na ce ba a gidan nan ba. Mu ba a aika yaro wurin malami kamar an aike shi sayen gishiri. Ranar da zan shiga sakandare mahaifina Ajimi da hannunsa ya kai ni gaban shugabar makaranta, ya danƙa mata amanata a gaban shaidu biyu. Haka ake yi a gidanmu, kuma ban ga abin da jami'a ta fi shi ba.

Ranar Alhamis na ɗaura laffayata, na ɗauki maƙwabciyarmu Ya Ammatullahi ta zama shaida, na riƙa wa matar malamin kwalbar humra da turaren wuta. Siddiƙa tana bin mu a baya kamar ba tare muke ba, wai kunya take ji. Na ce mata yarinyar da ke jin kunyar uwarta a titi ita ce abin kunya. Mun tarar da layin yara har ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, maza da mata a cakuɗe, wasu da askin da ban san wace uwa ta bar su suka fito da shi ba.

Sunan malamin Dakta Obadiah, mutumin Marama ne, dattijo mai furfura, Hausarsa garau. Da ya gan mu mu uku ya ɗauka yarinyar laifi ta yi. Da na yi masa bayani sai ya miƙe tsaye, ya cire tabarau, ya ce rabon da ya ga an yi haka tun kakarsa da ta kai shi firamare. Ya kira sakatariyarsa ta tsaya shaida ta ɓangarensa, ya karɓi amanar da hannu biyu. Na juya na ce wa Siddiƙa a gabansu, daga yau a kan karatu maganarsa maganata ce. Ka riƙe wannan, domin ita ce ta ɗaure ni.

Daga nan ya nuna mana tsarin karatun shekara biyar a wata babbar takarda da ke manne a bango, kuma tun daga nan kaina ya fara juyawa. A shekarar farko babu tsaro ko kaɗan. Lissafi ne, da fizis, da kemistiri, da Turanci, da wani darasi na al'adun Najeriya. Na tambaye shi me ya haɗa kemistiri da kwamfuta, ya ce duk injiniya da haka yake farawa. Kowane darasi kuma yana da nauyinsa, suna ce masa yunit, kuma akwai iyakar da ba a wucewa a zango ɗaya. Na ce Siddiƙa ba raguwa ba ce, ya cika mata har iyakar. Sai ya ce a'a, a rage. Wai lissafinta na sakandare da ƙyar ya haye, don haka ta ɗauki na dole da na zaɓi guda ɗaya kawai, lokacin da ya saura ta riƙa zuwa ƙarin darasin lissafi. Ya ce lissafin zangon farko shi ne ƙofar na biyu, na biyu kuma ƙofar wani ilimin ɓoye saƙo a aji biyu. Idan ta faɗi na farko sai ta ja shi gaba, abin da suke kira kariyoba, duk waɗanda ke bayansa su ja baya da shekara. Tun da nake ban taɓa ganin malamin da ke cewa yaro ya rage karatu ba. Na ce to na zaɓin ya zama Larabci. Ya duba ya ce Larabci ya yi karo da aikin ɗakin gwaji na fizis ranar Talata. Na haɗiye.

Muna shirin tashi idona ya sauka a kan aji huɗu. Ka san Turancina bai mutu ba. A rubuce yake ƙarara, darasin kutse. Za a koya musu shiga kwamfutar da ba tasu ba, da buɗe lambar sirrin mutane. Na nuna masa da yatsa, ina jiran ya ce kuskuren bugu ne. Ya ce haka ne, kuma na dole ne, ba a kammalawa sai da shi. Ko kunya bai ji ba. Wai da izini ake yi, wai mai gadi sai ya san ta inda ɓarawo ke shiga. Na yi masa sallama muka fito, domin ban gama rufe baki daga ba shi amana ba.

A cikin keke na ce wa Siddiƙa kada ta taɓa rajistar nan sai ka amsa. Ga abin da ya sa nake gaggawa. Dakta ya ce ranar Juma'a ta sama, kafin a tafi masallaci, za a rufe shafin rajista, kuma sabon ɗalibin da bai yi ba ya rasa gurbinsa na bana. Ka ba Maikuɗi amsa ya dawo da ita. Shin mun kai 'yarmu ta koyi gadi ne ko ta koyi sata? Ni dai ban gane ba.

Siddiƙa tana gaishe ka, fuska a kumbure. Allah ya tsare ka ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Kaltum Ajimi


Limanti, Maiduguri
Ranar Litinin

Zuwa ga Baban Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan ka dawo daga ƙauyukan lafiya. Maikuɗi ya dawo hannu rabbana, ya ce bai same ka ba, kun fita allurar rigakafi, ya bar takardata wurin mai gadin asibiti. Ina fatan ba a naɗe ƙosai da ita ba. Ya ce an gaya masa ka rame. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci, shayi ba abinci ba ne.

Magana ta fita daga hannuna. Ya Ammatullahi ta gaya wa mijinta, mijinta ya gaya wa Yaya Hashim a ƙofar masallaci, sai ga yayanka a gidan ranar Asabar ko sallamar kirki babu. Ya zauna a kan tabarma ya yi ta faɗa. Ya ce dama tun farko bai so karatun nan ba, kai ne ka ƙi ji. Ya kawo labarin yaron nan na bayan layinmu da aka zo aka kama da kwamfutoci, wanda uwarsa har yau ba ta zuwa biki. Ya ce yaron namiji ne ma, ina ga mace, wa zai nemi auren yarinyar da aka ce ta iya buɗe wayar mutum? Ya ce a cire ta a mai da ita karatun jinya, aikin mutunci, irin naka. Na ce masa maganar tana wurin ubanta. Ya ce shi ma ubanta ne. Ban musa ba, gaskiyarsa ce.

Abin da ya dame ni shi ne, duk abin da ya faɗa na riga na faɗa wa kaina, amma da na ji shi a bakinsa sai na ji ban yarda da shi duka ba. Ban san dalili ba.

Siddiƙa ta yi ƙoƙarin fahimtar da ni. Ta zaunar da ni ta ce a darasin nan ba kwamfutar mutane ake shiga ba, makaranta ce ke haɗa nata na gwaji, ta ɓoye rauni a ciki, a ce ɗalibai su nemo. Ta ce bankuna da asibitoci da kansu suke ɗaukar irinsu aiki, su ce zo ka gwada fasa mu, ka gaya mana inda muka yi sakaci. Na ce wane mai hankali ne zai kira mutum ya fasa masa gida? Ta yi dariya, na ce ta rufe min baki. Na tambaye ta, hannun da ya koyi abu a makaranta, idan ya dawo gida mantawa yake yi? Sai ta ce wato ban yarda da tarbiyyar da na ba ta ba ke nan. Na yi mata faɗa sosai a kan wannan, na ce yaran yanzu daga an saya muku waya sai ku ɗauka kun fi iyayenku baki. Da na gama sai ta kira ni da Ya ɗin nan da ake kiran uwa, ta ce a hankali, ba da rashin kunya ba:

"Ya, ranar Alhamis kin ce maganarsa maganarki ce. Shi ya ce in yi rajista, ke kin ce kada in yi. Wacce daga cikin maganganunki zan bi?"

Baban Siddiƙa, ka ji fa. Na ce ta tashi ta duba tukunya.

Kamar hakan bai isa ba, jiya bayan sun taso daga coci Dakta Obadiah ya kira ni a waya. Ashe mutumin ya ɗauki amanar da gaske. Ya gaishe ni da wushe, sannun nan ta Kanuri, ya tambayi lafiyarka, ya ce matarsa ta gode da turare. Ya ce ya duba bai ga sunan Siddiƙa cikin waɗanda suka yi rajista ba, ko lafiya? Ya ce darasin zaɓin da suka tsayar, na koyon sana'a, ya kusa cika, idan ya cika sai a sake tsarin daga farko. Na ce ubanta ba ya gari. Na kuma yi dabara na tambaye shi, idan mutum yana so ya koma jinya fa? Ya ce bana ba zai yiwu ba, darussan da ta zauna a jarrabawar shiga jami'a ba su ne na jinya ba, sai ta zauna gida ta sake jarrabawa baɗi, kuma babu tabbacin samun gurbi. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Ya ƙara wani bayani a kan makin da ake tarawa tun daga aji ɗaya, wai na farkon ya fi wuyar gyarawa, amma a lokacin kaina ya riga ya cika.

Da na gaya wa Ya Ammatullahi cewa wataƙila mu cire yarinyar, sai ta tuna min abin da na sani na ƙi tunawa. Amanar da aka bayar gaban shaidu ba a janye ta da shiru, ba a kuma janye ta a waya. Sai an koma da shaidun, a dubi malamin a faɗi laifinsa a fuskarsa. Haka mahaifina ya yi lokacin da ya cire ƙanena daga hannun malamin da ya mare shi har kunnensa ya yi jini. Ya je ya faɗi laifin, malamin ya amsa, aka rabu babu gaba. Wanda ya janye ɗa bai faɗi laifi ba, ya bar malami da zargin da ba zai iya wankewa ba. Ta ce ita dai ba za ta zama shaidar bayarwa ta ƙi zama ta karɓa ba.

Ka ga inda nake. Idan na bar ta, ina tsoron aji huɗu. Idan na cire ta, ta rasa shekara, wataƙila ta rasa karatun gaba ɗaya. Juma'ar nan ce. Don Allah ka rubuto ko layi biyu ne, kada ka ce in yi abin da na ga ya dace, domin ban ga komai ba.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya ƙara maka lafiya.

Matarka,
Kaltum Ajimi


Limanti, Maiduguri
Ranar Alhamis, bayan la'asar

Zuwa ga Baban Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da ƙafar. Maikuɗi ya iso ɗazu da takardarka da busasshen kifin da ka aiko, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Wannan ba za ta tafi ba sai Talata, amma ina rubutawa ne don ka san na karɓa kuma na ji.

Ka ce ka karanta takarduna biyu a zama ɗaya. Ka ce da ka san da darasin kutse da ba ka sa mata hannu ba tun farko. Ka ce Yaya Hashim shi ne babba, a bi maganarsa, kada a yi rajista, ta haƙura da bana. Na karanta wa Siddiƙa da bakina don kada ta ce na ƙara ko na rage. Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi kukan ciwo. Ta ce to. Ta tashi ta kwashe littattafan lissafin da ta aro ta zuba a leda, ta ce gobe idan za mu je ta mayar wa mai su. Na ce mata haƙuri da umarnin uba ba ya taɓa zama asara, kuma na yi imani da abin da na faɗa.

Na aika wa Ya Ammatullahi ta shirya da safe. Na zauna ina tsara laifin da zan faɗa wa mutumin. Na tsayar da cewa zan ce masa yana koya wa 'ya'yan mutane hanyar sata. Na maimaita a bakina ina tankaɗe, ya zauna daidai. Na sake maimaitawa ina wanke kifin, sai na ji kamar akwai inda bai zauna ba, amma ban gano wurin ba. Wataƙila gajiya ce.

Umarninka za a bi. Allah ya sa haka ya fi alheri.

Matarka,
Kaltum Ajimi


Limanti, Maiduguri
Ranar Asabar

Zuwa ga maigidana, Baban Siddiƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana cikin lafiya da kwanciyar hankali. Za ka sami wannan tare da ta ranar Alhamis. Ka fara karanta waccan, sannan ka zauna kafin ka karanta wannan.

Jiya da safe muka je mu uku. Ranar ƙarshe ce, wurin ya cika maƙil, yara suna ta kai da kawo da wayoyi a hannu, wai shafin rajistar yana ta juyawa ba ya buɗewa. Wata yarinya tana kuka don darasin da take so ya cika. Na ce a raina ina iyayen waɗannan duka suke. Dakta Obadiah yana ganinmu ta taga ya sa aka buɗe mana hanya. Ya ga leda a hannun Siddiƙa, ya ga fuskarta, ina jin tun a nan ya gane. Bai jira na nema ba ya kira sakatariyarsa, ya sa aka rufe ƙofa.

Na ce masa na zo karɓar amanata, da umarnin ubanta. Ya ce haƙƙinmu ne, ba zai riƙe 'yar mutane da ƙarfi ba. Ya cire tabarau kamar wancan karon ya ajiye, ya haɗa hannuwansa, ya ce yana saurare. Ya san abin da ya saura, ashe su ma haka suke yi.

Na buɗe baki, maganar da na tsara ta ƙi fitowa. Sai a lokacin na gano inda ba ta zauna ba. Zan ce yana koya wa 'yata sata, alhali bai koya mata komai ba tukuna, darasin ma saura shekara uku. Na duba abin da ya yi da idona ya gani. Ya rage mata darussa, don kada ta faɗi ne. Ya hana ta Larabci, ba shi ya tsara ranakun ba. Ya kira ni ranar hutunsa yana tambayar 'yata. Ni da na taɓa hana Siddiƙa abincin rana tana ƙarama don ta ce 'yar maƙwabta ta ɗauke mata ɗankunne alhali ba ta gani ba, yau ni ce zan tsaya gaban shaidu in ɗora wa dattijo abin da ban gani ba?

Sakatariyar ta fara gyara takardun da ba su buƙaci gyara ba. Don in sami abin kamawa sai na tambaye shi, a cikin duk waɗanda ya koya wa darasin nan, akwai wanda ya yi sata da shi? Na zaci zai ce babu, in ce ƙarya yake, in sami laifina. Sai ya ce akwai, mutum ɗaya. Yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda shi da kansa ya tsara wa darussa tun daga aji ɗaya, yanzu yana gidan yari. Ya ce ya ga alamu tun yaron yana aji uku, sababbin kaya da sababbin abokai, amma bai san kowa nasa ba da zai kira, domin babu wanda ya taɓa zuwa. Sannan ya ce:

"Hajiya, ba zan rantse miki cewa ba za ta lalace ba. Ban isa ba. Abin da zan iya shi ne, ranar da na ga ta fara karkata, ke zan fara kira kafin kowa."

Ya Ammatullahi ta taka min ƙafa a ƙarƙashin laffaya, wato ga laifi nan ya miƙo da hannunsa, in ɗauka mu tafi. Na so in ɗauka, Allah ya sani. Amma satar yaron ce, ba tasa ba, kuma da ya ɓoye babu yadda zan yi in sani. Mutumin da ya faɗi abin da zai iya kayar da shi, da wane baki zan ce masa maci amana? Na ji bakina ya ce, ban ga laifinka ba.

Ina faɗa na san inda maganar ta kai ni. Idan babu laifi, amana tana nan. Idan amana tana nan, maganarsa a kan karatu maganata ce, ni na faɗa gaban mutanen nan biyu. Ya tambaye ni ko in je in yi shawara, na ce da wa, kuma yaushe? Na dubi Siddiƙa na ce ta ajiye ledar nan ta yi abin da malaminta ya ce. Ta tsaya tana kallona, sai da na daka mata tsawa.

A kwamfutar ofishinsa aka yi. Darasin sana'ar ya riga ya cika, suka sake lissafin yunit ɗin, ya musanya mata da wani na amfani da ɗakin karatu, ya ce ya fi sauƙi ma, lissafi zai samu wuri. Ban gane rabin abin da suka yi ba. Shafin ya yi ta juyawa, ya ɗauke, ya dawo, ni ina zaune ban san ko addu'ar ya buɗe nake yi ko ta ya ƙi ba. Ya karɓa ana gab da kiran sallar Juma'a. Dakta ya sa hannu. Na gaya masa duk farkon zango tare da ni za a zauna tsarin darussa, har aji biyar, kuma na aji huɗu sai an yi min bayaninsa da Hausa kafin ta shiga. Ya ce kujera tana nan.

A hanya Ya Ammatullahi ta ce ita dai shaida ce, kada a sa sunanta. Siddiƙa ta kamo hannuna a cikin keke, na ƙwace, na ce ba don ita na yi ba, kuma idan na ga kariyoba ko ɗaya a takardarta za ta san ni.

Yau da hantsi na je gidan Yaya Hashim da ƙafata na gaya masa, don kada ya ji a masallaci. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ashe takardar ƙanensa ba ta iso ba. Na ce ta iso, na karanta, na kuma gane. Ya ce to babu sauran magana tsakaninsa da ni, da kai zai yi. Ko ruwa ba a kawo min ba.

Kai ma abin da zan gaya maka ke nan. Ba zan ce takardarka ta makara ba, ba zan ce ban fahimta ba. Tun da na shigo gidanka ban taɓa tsallake maganarka ba, kuma da wannan nake yi wa 'ya'yan unguwa faɗa. Jiya na tsallake. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba. Tsoron aji huɗu bai bar ni ba, ban kuma gane yadda fasa abu yake zama tsare shi ba. Siddiƙa ba ta da laifi, ta ce to ga umarninka, ta ce to ga nawa. Idan akwai faɗa, ni za ka yi wa, ina gida.

Ranar Litinin za su fara shiga aji, lissafi ne da safe. Idan ka dawo ka ga lallai sai an cire ta, ba zan tare maka hanya ba. Zan kira Ya Ammatullahi, in raka ka har ofishin, ka zauna a kujerar da na zauna. Amma ka taho da laifin mutumin a bakinka, domin ni na nema ban samu ba.

Siddiƙa tana gaishe ka, tana tsoron rubuto maka da kanta. Ka kula da ƙafarka. Allah ya huci zuciyarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka mai jiran amsarka,
Kaltum Ajimi